Rawar Mutum-mutumi: Taku Na Wa, Alhaki A Wuyan Wa?

A daren 28 ga Janairu 2025, jajibirin sabuwar shekarar gargajiya ta ƙasar Sin, gidan talabijin na gwamnati ya gabatar da bikinsa na shekara-shekara wanda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke kallo. Cikin abubuwan da aka nuna har da wata rawa da ta zama abin zance a duniya. Mutum-mutumi 16 masu ƙafa biyu, ƙirar H1 na kamfanin Unitree da ke birnin Hangzhou, suka fito dandali sanye da 'yar shara mai zanen furanni, suka shiga sahu ɗaya da 'yan rawa 16 na gaske. Rawar yangge suka taka, tsohuwar rawar manoman arewacin ƙasar, kowanne yana wulwula jan hankici a hannu. Wanda ya tsara wasan shi ne Zhang Yimou, daraktan fim ɗin da ya shirya bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008.

Kafin gari ya waye hoton ya karaɗe wayoyin jama'a. Wasu suka yi tafi, wasu gabansu ya faɗi, da yawa kuma suka haɗa biyun. Wannan haɗuwar sha'awa da fargaba tana da dalili. Duk takun da injin ya yi a dandali, akwai ɗan Adam da ya fara yin sa, akwai wanda ya rubuta shi a kwamfuta, akwai kuma kamfanin da ya zuba kuɗi don a gani. Tunda rawar ta mutane ce daga farkonta har ƙarshenta, tambayoyin da ta taso da su na gaskiya da haƙƙi da aminci a wuyan mutane suke, kuma ya kamata a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon buri ne

Sha'awar ƙera abin da zai yi kiɗa ko rawa da kansa ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. A Bagadaza ta ƙarni na 9, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun bayyana wata na'ura mai busa sarewa wadda ruwa ke tafiyar da ita. A shekarar 1206, injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Artuƙiyawa aiki a Diyarbakir ta Turkiyyar yau, ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50. Ɗaya daga ciki kwalekwale ne mai ɗauke da makaɗa huɗu na ƙira, suna kiɗa a kan tafki don nishaɗin baƙin sarki. A Japan kuwa, masu sana'ar zamanin Edo sun shahara da 'yan tsanan karakuri masu kai wa baƙo shayi ko yin wasa a kan motocin biki.

Fargabar ma tsohuwa ce. A 1870 aka fara nuna wasan rawa mai suna Coppélia a birnin Paris, labarin saurayin da ya kamu da son wata 'yar tsana da wani tsoho ya ƙera, yana zaton budurwa ce. Tun a lokacin, wasan ya nuna sauƙin da ido ke da shi wajen ruɗuwa. Abin da ya canza a yau shi ne 'yar tsanar tana tsalle, tana juyi, kuma ana sayar da ita.

Yadda ƙarfe ke koyon taku

Ga injin mai ƙafa biyu, tsayuwa kaɗai aiki ce. A cikinsa akwai na'urorin da ke auna karkacewar jiki da nauyin da ke kan kowace ƙafa, kwamfuta kuma tana gyara matsayin gaɓoɓinsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya don kada ya kife. Rawa tana tsananta wannan matsala, domin tana buƙatar sauya nauyi da sauri, da juyi a kan ƙafa ɗaya, da tsayawa cak a daidai bugun ganga.

A tsakiyar shekarun 2000, masu bincike a Jami'ar Tokyo ƙarƙashin Farfesa Katsushi Ikeuchi sun koya wa wani mutum-mutumi mai suna HRP-2 rawar gargajiya ta Aizu-Bandaisan. Sun ɗauki motsin gwanar rawar da kyamarori, sai suka tarar ba zai yiwu a kwafe shi kai tsaye ba, saboda tsawon ƙafar injin da nauyinsa da ƙarfin motocinsa sun bambanta da na mutum. Dole suka rarraba rawar gida-gida: nan taku, nan durƙuso, nan tsayuwa, sannan suka sake ɗinke ta daidai da jikin ƙarfen. Manufarsu ita ce adana raye-rayen da gwanayensu ke tsufa babu magada.

Bidiyon da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne wanda kamfanin Boston Dynamics na Amurka ya saki a ƙarshen Disambar 2020, inda injinansa Atlas da Spot da Handle suka cashe da wata waƙar 1962. Tsawonsa bai kai minti 3 ba, amma ya ci kusan shekara ɗaya da rabi ana shiri, aka kuma yi kwana biyu ana ɗauka. Wata mai tsara rawa, Monica Thomas, ita ta tsara takun, 'yan rawa suka gwada da jikinsu, injiniyoyi suka mayar da shi lissafi. Har sai da aka ƙara wa Atlas ƙarfi kafin ya iya bin kiɗan.

A Taiwan, ɗan rawa Huang Yi ya ɗauki wata hanya. Ya koyi rubuta umarnin kwamfuta da kansa, ya samo hannun injin masana'anta na kamfanin KUKA na Jamus, irin wanda ke walda a masana'antar mota, ya yi rawa da shi su biyu a dandali. Minti ɗaya na motsin injin yakan ci masa kimanin awa 10 na aiki. A Faransa ma, Blanca Li ta fito da wasanta na 2013 inda ƙananan mutum-mutumi ƙirar NAO, masu tsayin santimita 58, suka yi wasa da 'yan rawa. Wurin da ya fi taɓa zuciyar 'yan kallo shi ne inda wani ɗan rawa ke riƙe hannun injin yana koya masa tafiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar kalangu ya san abin da ya rage wa injin. Makaɗi yana kallon ƙafar mai rawa, mai rawa yana sauraren hannun makaɗi. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, ba tare da wani ya yi shawara da wani ba. Kirari ya shiga kunne, jiki ya ɗauka, 'yan kallo su yi guɗa, sai takun ya ƙara zafi. A mafi yawan wasannin da ake nunawa, injin yana bin jadawalin da aka riga aka ɗaura da agogon waƙar ne. Ko an kashe kiɗan zai ƙarasa takunsa, ko zauren ya watse ba zai rage komai ba.

Me ya sa sai rawa?

Kamfanoni suna da dalilai biyu. Na farko na injiniyanci ne, kuma gaskiya ne: rawa jarrabawa ce mai tsanani, injin da ya ci ta zai fi iya hawa bene ko ratsa ɓaraguzan gini. Na biyu na kasuwa ne. Bidiyon Boston Dynamics ya fito makonni kaɗan bayan an sanar cewa kamfanin motoci na Hyundai na Koriya ta Kudu zai sayi kashi 80 cikin 100 na kamfanin, a cinikin da ya ƙiyasta darajarsa kan dala biliyan 1.1. A 2021 kuma aka ga Spot yana rawa da fitattun mawaƙan Koriya na ƙungiyar BTS a wani tallan Hyundai. A lokacin ana sayar da Spot ɗaya dala 74,500.

Rawa tana yi wa injin abin da dogon bayani ba zai yi masa ba, wato tana cire wa mutane tsoro. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin haka. A 1944, Fritz Heider da Marianne Simmel sun nuna wa ɗalibai ɗan gajeren fim na siffofi uku, biyu masu kusurwa uku da da'ira ɗaya, suna motsi a kan allo. Kusan dukkan ɗaliban suka ba da labari kamar na mutane: wannan azzalumi ne, wancan yana gudun ceton rai. Motsi kaɗai ya isa ya sa zuciya ta ɗora wa abu niyya da ji.

Misalan zamani sun tabbatar da haka. Wasu masu fasaha biyu 'yan ƙasar Sin, Sun Yuan da Peng Yu, sun girke hannun injin KUKA a cikin ɗakin gilashi a gidan tarihi na Guggenheim da ke New York a 2016, aikinsa kawai ya riƙa tattaro wani jan ruwa mai kama da jini da ke malala. Shekaru bayan haka, dubban mutane a intanet suka riƙa bayyana tausayinsu gare shi, suna cewa ya gaji. A Japan, bayan kamfanin Sony ya daina gyaran karnukansa na inji masu suna Aibo a 2014, wani wurin ibadar Buda a lardin Chiba ya fara yi musu jana'iza. Wannan taushin zuciya abu ne mai kyau a jikin ɗan Adam. Haɗarin yana wurin wanda ya san da shi, ya kuma yi ciniki da shi.

Shi ya sa gaskiya ta zama sharaɗi na farko. A Agustan 2021, lokacin da kamfanin Tesla ya sanar da shirinsa na ƙera mutum-mutumi, wani mutum ne ya sa kayan inji ya yi rawa a dandali, kuma an faɗa wa jama'a haka. Amma a bikin da kamfanin ya yi a Oktoban 2024, injinansa na Optimus sun yi rawa, sun yi hira da baƙi, sun zuba musu abin sha, sai daga baya rahotanni suka nuna cewa ma'aikata ne ke sarrafa wani sashe na aikin daga nesa. Mai kallo yana da haƙƙin sanin abin da injin ya yi da kansa, da abin da aka yi masa, da kuma sau nawa ya faɗi kafin a samu ɗaukar da aka nuna. Masu zuba jari da gwamnatoci suna yanke shawara a kan irin waɗannan hotuna.

Haƙƙin mai taku

Tambaya ta biyu ita ce ta mallaka. Idan aka ɗauki motsin ɗan rawa sau ɗaya aka adana, ana iya ɗora shi a kan inji dubu, a yi ta nunawa shekara da shekaru bayan an sallame shi da kuɗin yini guda. Rikicin ya riga ya ɓarke a duniyar wasannin kwamfuta. A ƙarshen 2018, ɗan wasan kwaikwayo Alfonso Ribeiro da mawaƙi 2 Milly sun kai kamfanin Epic Games kotu, suna zargin ya sayar da takunsu a cikin wasan Fortnite ba tare da izini ba. Ƙararrakin ba su yi nisa ba, kuma ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa takun Ribeiro rajista, domin dokar ƙasar tana kare tsararriyar rawa ce, ban da gajeren taku na yau da kullum. Sai a Nuwamban 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ƙarar mai tsara rawa Kyle Hanagami a kan kamfanin. A Yulin 2024 kuma masu ba da murya da motsin jiki ga wasannin kwamfuta a Amurka suka shiga yajin aikin da ya ɗauki kusan shekara guda, babbar buƙatarsu ita ce kada a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a kwaikwayi jikinsu da muryarsu sai da yardarsu da biyansu.

Raye-rayen gargajiya sun fi kowa zama cikin haɗari, domin ba su da mutum ɗaya da zai ce nawa ne. Yangge ta al'umma ce, haka Aizu-Bandaisan, haka Koroso da Takai a ƙasar Hausa. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta lissafa raye-rayen gargajiya cikin kayan al'adun da ba a kwasa don kasuwanci sai da izinin hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. Doka ce mai amfani, amma tana buƙatar ƙungiyoyin makaɗa da 'yan rawa su san da ita kafin ranar da wani zai zo da kyamarorin ɗaukar motsi da takardar sa hannu.

Akwai kuma lafiyar wanda ke tsaye kusa da injin. A masana'antu, irin hannun da Huang Yi ke rawa da shi ana killace shi ne a bayan shinge, saboda bugu ɗaya ya isa ya kashe mutum. Mutuwa ta farko da aka rubuta ta irin wannan hanya ta faru ne a wata masana'antar mota a jihar Michigan a 1979. A Yulin 2022, a wata gasar dara ta ches a Mosko, hannun inji ya damƙi yatsar yaro ɗan shekara 7 ya karya ta, masu shirya gasar kuma suka ce yaron ne ya yi gaggawa. Injin da aka kawo cikin yara, aikin masu kawo shi ne su tsara shi da sanin cewa yara suna gaggawa.

Daga dandali zuwa filin daga

Tambaya mafi nauyi ita ce inda waɗannan ƙafafu ke zuwa bayan an tashi daga biki. Boston Dynamics ya girma ne da kuɗin hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, kuma BigDog, kakan Spot, an ƙera shi ne a 2005 don ya yi wa sojoji dako. A 2021 'yan sandan New York sun soke hayar Spot bayan mazauna birnin sun yi ca a kansu, sannan suka dawo da shi a 2023. A 2024, a wani atisayen haɗin gwiwa tsakanin sojojin Sin da na Kambodiya, an nuna karen inji ɗauke da bindiga a bayansa. Daidaiton da ke sa inji ya yi juyi bai faɗi ba, shi ne ke sa ya riƙe saiti.

Kamfanonin sun san da wannan zargi. A Oktoban 2022, Boston Dynamics da Unitree da wasu kamfanoni huɗu sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka yi alkawarin ba za su ɗora wa injinansu na amfanin yau da kullum makami ba. Mataki ne abin yabo, sai dai alkawari ne na ganin dama, kuma ba ya ɗaure hannun wanda ya saya. A Disambar 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu yanke hukuncin kisa da kansu, Sakatare Janar António Guterres kuma ya nemi a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe kafin ƙarshen 2026.

Ƙira da amana

Adalci ya buƙaci a faɗi inda inji ya zama rahama a fagen wasa. A tseren raƙuma na ƙasashen Larabawan Tekun Fasha, an daɗe ana ɗora ƙananan yara a kan raƙuma saboda rashin nauyinsu, da yawansu an kawo su ne daga Pakistan da Bangladesh da Sudan da Muritaniya, wasu sun nakasa, wasu sun mutu. A 2005 Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka haramta hakan, aka maye gurbin yaran da ƙananan injina masu bulala waɗanda ake sarrafawa daga motocin da ke bin gefen fili. Tseren ya ci gaba, yaran suka tsira. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna kowace ƙira da shi: wa ta sauke wa nauyi, wa ta ɗora wa?

Ga mai karatu Musulmi akwai ƙarin tambaya. Hadisan da ke cikin Bukhari da Muslim sun yi kashedi mai tsanani ga masu sassaƙa surar abu mai rai, kuma a cikin littattafan ne aka ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana, inda malamai suka fitar da rangwame ga kayan wasan yara. Malaman zamani suna duba cikar sura da manufar ƙira da amfaninta, shi ya sa hukuncin hannun injin masana'anta ko na tiyata bai zama ɗaya da na injin da aka yi wa fuska da fata don ya yi kama da mutum sak ba. Adabin Turai ma ya iso kan batun alhakin mai ƙira ta wata hanya. A labarin Frankenstein na Mary Shelley, na 1818, babban laifin mai ƙirar shi ne ya gudu ya bar abin da ya ƙera.

Gudun nan yana da sabon salo a yau, wato a ce injin ne zai ɗauki laifinsa. A 2017 majalisar dokokin Tarayyar Turai ta nemi a duba yiwuwar bai wa wasu injina matsayi na musamman a gaban shari'a, a shekarar ne kuma Saudiyya ta sanar da bai wa mutum-mutumi Sophia shaidar zama 'yar ƙasa. Masana fiye da 150 suka rubuta wasiƙar adawa da shawarar Turan a 2018, hujjarsu ita ce hakan zai buɗe wa masu ƙira ƙofar zillewa. Tun a 2011 wasu masana a Birtaniya suka fitar da ƙa'idoji biyar, ciki har da cewa mutane ne ke da alhaki, kada a ƙera inji don ya yaudari masu rauni, kuma dole a iya gano wanda zai amsa tambaya a kan kowane inji. Shawarar UNESCO kan ƙirƙirarriyar basira ta Nuwamban 2021, wadda ƙasashe 193 suka amince da ita, ta tsaya a kan wannan matsayi.

Babu laifi mutum ya ji daɗin rawar inji. Aiki ne na basira da haƙuri, kuma masu yin sa sun cancanci tafi. Amma wasan da ya cika sharaɗi shi ne wanda aka ambaci sunan ɗan rawar da aka ɗauki takunsa aka kuma biya shi, aka bayyana ko akwai mai sarrafawa a bayan labule, aka tanadi kariya ga waɗanda ke dandali, aka kuma san kamfanin da zai tsaya gaban alƙali idan abu ya ɓaci. Hukumomin al'adu da jami'o'i da ƙungiyoyin makaɗa da 'yan fim a ƙasar Hausa su fara tun yanzu da abin da ke hannunsu: su rubuta raye-rayensu da sunayen gidajen da suka gaje su, su kuma tsara sharuɗɗan da duk mai son ɗaukar motsinsu zai cika kafin ya kunna kyamara.